Wayar Inna da Aka Ɗaure wa Baki

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. Ni dai tun da na yi wayo ban ji ba, kuma na girma ina kasa kunne. Shi ne ɗanta na fari, mu kuwa Fulani ne, ko da yake shanun sun daɗe da barin hannunmu, muka zauna a unguwar Malam Inna a Gombe kamar kowa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "mutumin kudu", don Hamma, kamar yadda mu ƙannensa muke kiransa, fataucin shanu yake yi a ƙasar Ibo, sai shekara ta zagayo muke ganinsa, wani lokacin ma ta zagayo ba mu gan shi ba. In ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta yana gaishe ta, bango take amsa wa. Da ya fita sai ta hau ni da faɗa: "Ke, an ba baƙon nan abinci kuwa, ko kuna nan zaune kuna kallon juna?"

Mu uku ta haifa. Hamma, sai ni, sai Auta. Babanmu ya rasu tun Auta yana firamare. Ni ina aure a Dawaki, ina sayar da leshi da turaren wuta daga cikin gida. Auta shi ke zaune da Inna, shi da matarsa.

Kiran waya bai taɓa yi wa Inna da Hamma amfani ba. In ya kira ta wayata na miƙa mata, sai ta riƙe ta nesa da kunne, ta ce "to, to, madalla," ta miƙo mini tun yana tsakiyar gaisuwa. Da ya gaji, wata Babbar Salla da ya zo, sai ya sayo mata waya ta shafawa ya ba ni, ya ce in sa mata koriyar manhajar nan ta hira da kowa ke da ita. Na ce, "Hamma, matar da ba ta karatu, me za ta yi da ita?" Ya ce ni dai in sa, kuma in sa wa lambarsa kuka na daban. Na zaɓar masa wani ƙara mai kama da an buga cokali a jikin tasa. Na nuna wa Inna sau biyu ko uku: in ta yi wannan kukan, ki danna abin da ya leƙo a sama, sannan ki danna wannan ɗan tsinin. Ta ce ita ba ruwanta da kayan yara. Amma na ga idonta yana bin yatsana.

Dabarar Hamma ta yi. Saƙon murya yake aikowa, kuma ba ya cewa da ita yake. Magana yake yi kamar mai ba iska labari, da Fillanci, a hankali. An yi ruwa jiya. Motar shanu ta iso lafiya, ɗaya ce ta karye a hanya aka yanka. Ƙafar da ke ciwo ta yi sauƙi. Kullum kuma da abu ɗaya yake rufewa: "Ana cin abinci." Ya san ita ce tambayar da ke bakinta, wadda ba za ta taɓa iya yi ba.

Ita kuma ta samo tata dabarar. Wayar ce ta kira, ai amsa kira ba nema ba ne. In tasar ta yi ƙara sai ta ja tsaki, ta ce, "Wannan abu da surutu yake," ta danna, ta kifa wayar a kan tabarma, ta ci gaba da saƙar faifanta. Sai dai duk wanda ya lura zai ga allurar ta tsaya. Ba ta motsawa sai an ce ana cin abinci. Ba ta taɓa mayar masa da ko uffan ba, shi ma bai nema ba. Yana ganin alamar an saurara, wannan ya ishe shi. Wallahi a lokacin nan Inna har kumatu ta yi.

Kada in ci haƙƙin Auta, yana yi wa Inna hidima. Shi ke kai ta asibiti awon hawan jini, shi ke bin layin magani, shi ke ɗebo mata ruwa in famfo ya ɗauke. Ita ma sunansa ba ya barin bakinta daga safe zuwa yamma, tsokar da ta fi kyau a miya tasa ce, ko da ya yi gemu ya ajiye mata. Ni na ɗauka wannan ya ishi mutum. Wata rana da damina ina gidan suka dawo daga asibiti, ruwa ya yi masa dukan tsiya don ya ba ta lemar. Yana tsaye yana ɗiga, yana yi mata bayanin yadda likita ya ce ta riƙa shan sabon maganin, sai tasar ta yi ƙara. Inna ta ɗaga masa hannu. Hannu kawai ta ɗaga, irin yadda ake tsayar da yaro. Ya yi shiru da sauran maganar a bakinsa, muka tsaya duka muna jin labarin farashin dusa a kudu.

Na yi dariya na ce, "Auta, yau an ture gwamnatinka." Bai yi dariya ba. Ya ajiye ledar maganin a kan taga ya shige ɗakinsa.

Ba a daɗe ba wayar ta daina kuka.

Da farko ban kula ba, don ba kullum nake zuwa ba. Abin da na fara gani shi ne wayar ta koma yawo. Yau in same ta a kan turmi, gobe a kan katangar bayan ɗaki inda aka ce sabis ya fi ƙarfi. In an ɗauke wuta, Inna da kanta take saka hijabi ta kai ta caji shagon bakin layi, ta zauna a benci har ta cika, matar da ko gidan biki sai an yi da gaske take zuwa. Tana goge fuskar wayar da gefen zaninta har ta yi ƙyalli. Tuwo kuwa sai ta ɗan taɓa ta ture.

Wata Juma'a ina zaune ta miƙa wa Auta wayar, tana kallon wani wajen, ta ce, "Duba mini wannan abin, ko ya mutu ne."

Ya karɓa, ya jujjuya, ya kira lambar da tasa wayar, ta yi ringin ɗinta na kowa da kowa. Ya ce, "Lafiyarta lau, Inna. Kina jiran wani ne?"

Ta ce, "Wa zan jira?"

"A'a, in akwai wanda kike jira ki faɗi sunansa, yanzu in duba miki. Sunan kawai za ki faɗa."

Matarsa tana bakin murhu, ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Inna ta karɓe wayarta ta tura ƙarƙashin cinya. Na ce, "Kai, Auta, ba ka da kunya? Uwarka ce fa, ba kakarka ba." Ya ce shi me ya yi, taimako ya ce zai yi. Daga baya na gane abin ya zame masa wasan yamma. Ya dawo daga aiki, ya wanke ƙafa, ya zauna kusa da ita: "Inna, yau ma shiru? Ko dai mutanen sun manta da mu ne? Wane ne ma, tuna mini." Ita kuwa sai ta ce masa abincinsa na nan a rufe.

Ni a zatona Hamma ne ya yi sanyi, na kira shi da niyyar in wanke shi tas. Yana jin inda na dosa ya ce, "Ina aikawa. Ban fasa ba ko mako ɗaya. Tik ɗaya nake gani a gefen saƙon, alamar ba ya shiga." Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce ya tambayi Auta, Auta ya ce Inna ce ta ce a rufe, yana damunta. Na ce, "Kai kuma ka yarda?" Ya ce bai yarda ba, bai kuma ƙi ba, shi ya sa yake ta aikawa ko wata rana ta sauko. Kun ji Hamma. Mutum ya haura arba'in, yana juya tirela guda ta shanu, amma ya kasa ɗaga waya ya ce wa ƙanwarsa je ki duba mini.

Yana faɗin tik ɗaya na san abin da aka yi, don ya taɓa cin kasuwata. Akwai lokacin da saƙon masu sayen leshi ba ya shigo mini sai na buɗe manhajar da kaina, kafin nan sun saya a wani wajen. Na kai wayar unguwar Herwagana wurin wani Ibo mai gyara, haifaffen Gombe, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ce, "Hajiya, ke kika ɗaure ta." Ashe garin tsimin data na shiga saitin wayar na taɓa abin da ban sani ba. Ya nuna mini cewa manhajar nan ko ba ka buɗe ta ba tana nan a farke a bayan fage, tana leƙa hanya, da saƙo ya zo ta yi maka sallama. Amma mai waya yana da iko ya hana ta. Akwai inda za ka kashe mata shan data a ɓoye, akwai inda za ka ce batir kada ya ba ta komai in ba a gabanka take ba. In ka yi haka ta kwanta ke nan. Saƙo zai zo ya tsaya a waje, wayar ba za ta ce ƙala ba, sai ranar da ka buɗe da hannunka. Ya ce abin amfani ne, don manhajoji da yawa ɓarayin data ne, gara ka zaɓi wadda za ta kwana a farke. Gaskiyarsa, ni ma har yau haka nake yi wa wasannin da yarana ke cika mini waya da su.

To Inna ba ta san ana buɗewa da hannu ba. Abin da ta sani, in ya aiko za ta yi kuka, in ba ta yi ba bai aiko ba. Ko da ta sani ma, buɗewa da hannu ai nemansa ne. Auta ya san wannan sarai. Ya san kuma ba za ta kai ƙara wurin kowa ba, don mai kai ƙara sai ya faɗi abin da ya ɓata masa.

Washegarin ranar da na yi magana da Hamma aka yi sunan ɗan Auta na fari. Na shiga gidan da hantsi, tsakar gida cike da mata, dangin maijego sun zo daga Kumo mota guda, ga uwar maijegon nan zaune a tabarma ɗaya da Inna, ga Goggonmu ƙanwar Baba mai bakin da ba ya rufuwa. Ko mayafi ban cire ba na ce, "Inna, ara mini wayarki." Na shiga saitin. Ga shi nan kuwa, duka biyun a kashe, data da batir, har hoton manhajar an ɗauke shi daga fuskar wayar an kai can ciki. Na kunna wannan, na kunna wancan.

Masu cewa da na bari sai taro ya watse, su yi ta faɗa. Ba ni na ɗaure ta ba.

Wayar ta ɗan yi jim, sai tasar ta yi ƙara. Kafin ta rufe baki ta sake, ta sake, ta dinga yi ba ƙaƙƙautawa, saƙon wata da watanni yana shigowa a guje. Hira ta tsaya. Na ga hannun Inna ya taso da kansa daga cinyarta, ya miƙo wajena. Fuskarta kuwa ban taɓa ganinta haka ba, kamar ta yarinyar da aka dawo da ita gida.

Sai Goggo ta tafa hannu. "La ila! Ɗan fari ne! Jama'a ku dubi hannunta, yau kunyar fulaku ta faɗi ƙasa!" Matan suka kwashe da dariya, uwar maijego ta rufe baki da gefen gyale tana kallon Inna ta wutsiyar ido. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya koma inda ya fito.

Daidai nan Auta ya shigo da tiren naman suna. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Na ɗauka zai ji kunya, ko ya ja ni gefe. Ina! Ya ajiye tiren, ya zare wayar daga hannuna a hankali, ya je gaban Inna ya durƙusa har ƙasa, ladabi kamar na gaske. Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Inna, Hamma ne. Saƙonninsa ne suka taru. Ko in kunna miki ki ji muryar ɗanki?"

Surukai na kallo, dangin miji na kallo. Me za ta ce? Ta ɗauki faifanta, ta daidaita murya, ta ce, "Ni ban aiki kowa ba. A kashe wannan abin, ya ishe ni da surutu. Ba na son ji."

Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta rangaɗa guɗa, ana ta cewa ka ji Fulanin asali, irinsu sun ƙare. Ni kuwa idona na kan hannun Auta. Babban yatsansa yana danne a kan alamar ɗaukar murya tun lokacin da ya durƙusa. Ya ɗaga yatsan. Saƙon ya tafi. Ina tsaye a kansa na ga tik biyu, na ga sun canza launi. Hamma yana can riƙe da waya, ya ga saƙonninsa sun shiga gaba ɗaya, yana jira.

Kafin in kai hannu ya shafe hirar duka, tun daga ta farkon har ta ranar. Na ci kwalar rigarsa, sabuwar shaddar suna, na ce masa mugu, azzalumi, baƙin maciji, Allah ya isa tsakaninmu. Mata suka yi caa suna ɓamɓare ni. Shi ko gezau. Ya ce, "Adda, ke ma kin ji abin da ta ce. Umarnin uwa na bi." Ya ajiye wa Inna wayar a gefen tabarma, ya ɗauki tirensa ya ci gaba da rabon nama.

Da yamma na tare shi a zaure. Na ce me Hamma ya yi maka? Ya ce, "Ba abin da ya yi mini. Ba abin da ya yi wa kowa, shi ne ai. Ni nake kwasar amanta in jiri ya ɗebe ta, ni nake goya ta zuwa bakin titi. Shi murya yake aikowa, a ɗaga mini hannu." Na ce to yanzu ka huce? Ya ce sosai ma. Ya faɗa yana sakace haƙori.

Na kira Hamma ina kuka don takaici, na zayyana masa komai, saitin da taron da Goggo da yatsan Auta. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na ji muryarta." Na ce ai ka san al'ada, ka san a gaban surukai ba abin da za ta ce sai haka. Ya ce ya sani. Ya ce tun da aka haife shi ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba, ya saurara ya fi a ƙirga. Na ce to ka sake aikowa, na buɗe komai. Ya ce, "Ta ce ba ta son ji. Ko ba haka take nufi ba, ta faɗa, kuma na ji da kunnena. In ita ta ce a kunna, sai a kunna." Na ce ka san ba za ta taɓa cewa ba! Ya ce to. Na roƙe shi ko tsofaffin ya turo mini ta wayata, ya ce waɗancan sun wuce. Kai, Fulani! Wani lokaci ji nake kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Yana aiko mini da saƙo ni, yana tambayar yara da kasuwa, ya ce in gaida mutanen gida. Na taɓa kunna ɗaya a kusa da Inna, kamar ban san tana wurin ba. Allurar ta tsaya har ya kai ƙarshe. Bai ce ana cin abinci ba. Ban sake kunna mata ba.

Wayar tana nan, komai nata a buɗe, ina dubawa duk zuwan da na yi. Auta bai sake taɓa saitin ba, ba ya bukata. Yanzu ma shi ke sa mata data, shi ke kai ta caji, ya kawo ya miƙa da hannu biyu: "Ga ta nan, Inna, a buɗe take, kowa ya aiko za ki ji." Ta ce Allah ya yi masa albarka. Muna gaisawa da shi don dole, amma ruwan gidansa ban sake sha ba.

Abu ɗaya Inna ta koya game da waya a ranar sunan nan: ba ta buɗe baki in waya tana hannun mutum. Na so in yi dabarar Auta ta wata fuskar, in ɗauki wata kalma tata mai taushi in aika kudu. Tana ganin yatsana ya doshi gilashi take rufe baki.

Kwanakin baya na je na same ta ita kaɗai, ta rame har wuyan rigarta yana zamewa. Ta ce in kai wayata ɗaki in rufe ta da kwano. Na kai na dawo na nuna mata tafin hannuna. Ta daɗe tana jan zaren kaba, sannan ta ce, "Can ƙasar da ake kai shanu, suna da gero kuwa?"

Na ce, "Babu sosai, Inna. Doya da rogo suka fi ci."

"To mutum me zai ci?"

Na matso kusa da ita, na sassauta murya. Na ce, "In tambayo miki shi?"

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi wa Auta in ya zauna wasansa na yamma. Ta ce, "Wa?"

Ta jawo wayarta daga ƙarƙashin cinya, ta goge fuskarta da gefen zani, ta ajiye ta kusa da gwiwarta, ta ɗauki allura.